Ɗakin da Na Yi wa Inna a Ƙarƙashin Rufi

Lokacin ɗari a Damagaram, in an idar da sallar isha'i, Kaka Dije takan hura wuta da kara a bakin ɗakinta, ta binne gyaɗa a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take fara tsokana.

"Kai, mijin banza, ko goro ba ka kawo mini ba, kuma kai ne gaba wajen wuta. Matsa can."

Sai ta gyara zama ta ce ga ta nan tafe, mu ce ta ƙaraso mu ji ta.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta wani mutum ce, Dogo. Ya gina ɗaki daidai tsayinsa, ya gayyato matan unguwa suka yi masa daɓe, suna bugu suna waƙa, suka shafe da makuba har yana ƙyalli. Baƙi suka yaba. Yabon ya yi masa daɗi, da shekara ta zagayo ya sake kiran matan, aka zuba sabuwar tsakuwa bisa tsohuwa. Haka kowace shekara. Ƙasa na tashi, azara na nan inda take. Dogo ya fara cire hula kafin ya shiga, daga baya sai ya sunkuya, daga baya sai rarrafe. A ƙarshe a ƙofa yake kwana, yana leƙen daɓensa. Kaka takan duƙa ta kwaikwaye shi, mu yi ta dariya har gyaɗar ta ƙone.

"Ku bar dariya, ƴan nema," in ji ta. "Abin da ka ƙara wa ƙafa, a kai aka yanko shi."

Na girma, na zo Faransa, na zama dillalin katako da ƙofofin gidajen da aka rushe. Da tsohuwar mota ɗaya na fara a La Courneuve, har na mallaki ɗan gida a Sevran. Nan na ƙudura in ɗauko mahaifiyata, Inna, a duba mata zuciyarta da ke kumbura mata ƙafafu. Kafin biza, sai meri, wato ofishin magajin gari, ta shaida gidana yana da wurin baƙo. Mu bakwai ne a ƙasa, don haka na ce a mai da sararin ƙarƙashin rufi ɗaki.

Malam Isufu, kafinta mutumin Tawa, ya hau ya auna. Mita biyu ne cif a tsakiya.

"Alhaji, katakon da ke nan silin kawai yake riƙe, ba ya ɗaukar mutum. Mu sa sababbi a tsakankaninsu, mu rataye su da ƙarfe a bango, ƙasa ba za ta tashi ba."

Ni kuwa ina da wasu katakai masu kauri da na kwaso daga wani sito a Vénissieux. A garinmu ba a rataye azara, ɗora ta ake yi. Na ce uwata ba za ta taka abin da ƙusa ke riƙe da shi ba.

"Ɗora su a sama, Malam. Katako sana'ata ce."

"Katako naka ne," ya ce, "amma ma'auni ba na kowa ba ne."

Ya ɗora. Da aka shimfiɗa alluna, ko giwa ta hau ba zai motsa ba. Ma'aikaciyar meri da ta zo dubawa ta ja mitarta ta nuna mini tsayin ɗakin: mita ɗaya da santimita saba'in da shida. Duk abin da bai kai ɗaya da tamanin ba, doka ba ta lissafa shi ɗaki. Ba ta cuce ni ba, ni ma na ga lambar.

Ɓamɓarewa da sake aiki da sabon dosiyen takardu suka cinye damina da ɗari. Duk Juma'a Inna takan tambaya a waya, "Ɗakin nawa fa, Alhaji ƙarami?" In ce saura kaɗan. Juma'ar da na kira in ce an gama, ƙanwata ce ta ɗauka, ina jin mata suna salati a bayanta. Inna ta cika.

Da ina yaro na ɗauka Dogo wawa ne mai son yabo. Yanzu ina zaton tsoro ne ya yi masa yawa, yana ta ƙarfafa inda zai taka, bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Ɗakin Inna yana nan, an gyara, kowa na miƙewa a ciki. Matata ta ce mu ba babbar ƴarmu. Na ce to, amma har yau ban ba da makullin ba.