Inda Piyanon Malam Kogler Ya Ƙare

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta bayan ganuwar birnin Viyana a shekarun da suka biyo bayan yaƙin Faransawa ya san Malam Baltasar Kogler, ko da daga nesa ne. Dogo ne siriri, kullum cikin baƙar kwat ɗin nan tasa da tela ya juye cikinta ya koma waje, yana tafe kai a sama. Koyar da piyano yake yi. Amma ka kuskura ka kira shi malamin kiɗa, nan take zai gyara maka zance: shi makaɗin gidan Yarima ne.

Kuma ba ƙarya ya yi ba. Tun yana saurayi ya shiga hidimar wani yarima mai son kiɗa. A wancan zamanin makaɗi bara ne kamar kowane bara. A ɗinka masa tufafin gida, ya ci abinci teburi ɗaya da masu dafuwa, in kuma maigida ya ce yana son sabon kiɗa kafin baƙi su iso, a zauna a rubuta masa, mai laushi, wanda ba zai hana manya hira ba. Kogler bai taɓa ganin laifin wannan ba. Ciki a ƙoshe, itacen hunturu kyauta, me kuma ake nema?

Sai yaƙi ya zo ya watsa komai. Dukiyar manyan gidaje ta zube, yarima ya sallami makaɗansa kaf. Da aka rasa abin sallamar Kogler, sai aka ɗora masa tsohon piyanon ɗakin yara a amalanke. Da shi ya ci abinci har tsufansa, yana koyar da 'ya'yan masu sana'a a ɗakinsa na saman shagon mai burodi.

Piyanon nan kuwa yana da murya, ba a raina shi. Sai dai gajere ne. Maɓallan piyano hawa-hawa suke, daga sauti mai kauri a hagu zuwa siriri a dama, nasa kuma mai hawa biyar ne irin na da. Su kuwa masu ƙera piyano ba su zauna ba. Attajiran siliki da na sukari suka fara sayen piyano don 'ya'yansu mata, kowa yana son nasa ya fi na maƙwabci tsawo da ƙara, aka koma yin masu hawa shida. Samarin da ke tsara kiɗa su ma ba yarima suke wa aiki ba yanzu, maɗaba'a suke sayar wa, kuma da sabon piyano a gabansu suke rubutawa.

“Baltasar, ka je ka roƙi wani maƙerin piyano ya ba ka aron sabo mana,” in ji matarsa Walburga, ba sau ɗaya ba. “Kowa ya wuce ya bar ka kana ƙwanƙwasa akwatin kakanni.”

“In roƙa? Ni?” yakan ce. “Hayaniya ce kawai suke yi, ba kiɗa ba. Ki zuba mini miyar kabejina ki ƙyale ni.”

“To, ranka ya daɗe, makaɗin Yarima. Yariman da shi kansa haya yake yi yanzu.”

Cikin ɗalibansa akwai Ludmila, 'yar Sedlak mai ɗinka safar hannu. Budurwa ce mai shiru-shiru, gidansu ba piyano, don haka a ɗakin Malam take duk wani atisaye. Tun tana ƙarama take zuwa, kuma abin da ya faɗa mata shi ne gaskiya, ba ta taɓa tambayar dalili. Kogler bai haihu ba. Bai taɓa furtawa ba, amma kowa ya san a zuciyarsa yarinyar nan 'yarsa ce.

Wata rana ta hau bene da gudu. Uwargida Lindner, matar attajirin siliki, tana neman wadda za ta koyar da 'ya'yanta, kuma ta yarda ta saurari Ludmila ranar Lahadi da la'asar a gaban baƙinta. Idon uban Ludmila ya fara mutuwa, allura ta soma gagararsa, wannan aikin ne zai riƙe gidan. Uwargida da kanta ta zaɓi abin da za a kaɗa, sabon kiɗan wani saurayi mai suna Severin Raab da ake yayi a gari, ta aiko da takardar.

Kogler ya sa tabarau ya bi takardar layi-layi. Kiɗa ne mai kyau, wannan kam bai iya musu ba. Da ya iso ƙarshe sai ya tsaya. Hannun dama yana hawa, yana hawa, har ya wuce inda piyanonsa ya tsaya.

Abin faɗi ai kaɗan ne: 'yata, kayan aikina bai kai ba, mu je mu nemi inda za ki gwada. Ya buɗe baki ma. Sai ya ga yadda take kallonsa, irin kallon da ba wanda ya ƙara yi masa tun barinsa gidan yarima.

“Kai, masu ɗab'in nan!” ya ce, har da tsaki. “Kullum sai sun yi ɓarna. Dubi nan, sun ɗaga ƙarshen sama. Wane mai hankali zai rubuta kiɗa a can? In kin zo nan ki sauko da hannunki hawa ɗaya, haka mai shi yake nufi.”

“To, Malam,” in ji ta.

Da ta tafi Walburga ta leƙo daga madafa. “Na ji ka fa.”

“Ba wanda zai lura. Mutanen nan cin kek ne ke kai su, ba sauraro ba.”

“Allah ya sa. Amma wallahi ka ji kunya, tsoho da kai.”

Ya ji kuwa. Duk ranar da yarinyar ta zo wurin nan na kiɗan ta sauko da hannu, sai ya tashi ya je ya duba murhu, ko ya tsaya a taga yana gyaran murya. Ya sha ƙulla niyyar faɗa mata gobe, goben ta zo ya kasa.

Ranar Lahadi ya goge kwat ɗinsa ya raka ta. Falon cike da mata masu manyan huluna da maza masu ƙamshin taba, ga piyano sabo fil, dogo, yana sheƙi. Kogler ya raɓe a baya kusa da ƙofa. Nan ne Uwargida Lindner ta tafa hannu ta ce tana da albishir: ta gayyato Malam Raab da kansa ya ji kiɗansa. Wani saurayi mai tabon agana a fuska ya ɗan rusuna. Kogler ya dubi ɗalibarsa. Tsakaninsa da Ludmila taku kaɗan ne, kalma ɗaya a kunne ta isa. Bai motsa ba.

Ta kaɗa, kuma ta kaɗa da kyau. Masu hira suka yi tsit, wata tsohuwa ta ajiye kofinta. Aka zo ƙarshe, hannun ya hau, ya hau, sai ya komo ƙasa kamar yadda aka koya mata. Aka yi tafi. Raab kaɗai bai tafa ba.

“'Yan mata, hannunki yana da daɗi,” ya ce. “Amma me ya sa kika dawo da ƙarshen ƙasa?”

“Ai kuskuren masu ɗab'i ne, ranka ya daɗe.”

Wani mai ƙaton ciki ya fashe da dariya, wasu suka taya shi. Raab bai yi dariya ba. Ya ce, a hankali, “Ba kuskure ba ne. Ina da wa mai yawan fito. Ranar da aka tafi da su yaƙi ƙetaren kogi, ina tsaye bakin ƙofa yana tafiya yana fito, sautin yana sirancewa har na daina ji. Bai dawo ba. Wurin nan shi ne dukan kiɗan, saboda shi na rubuta sauran. Ke kuma kin juyo da shi gida.” Ya dube ta. “Wa ya ce miki kuskure ne?”

Fuskar Ludmila ta yi ja har wuya. Ba ta waiwaya ba. Kogler ya so ta waiwaya, ta nuna shi da yatsa a huta. Shi kuwa ya tsaya yana kallon takalmansa.

“Ba kowa,” in ji ta. “Ni ce na ga kamar ya fi daɗi haka.”

“Ikon Allah!” in ji Uwargida Lindner. “'Yar mai safar hannu ce ke gyara wa Malam Raab kiɗa? In ba ta 'ya'yana ta koya musu wannan ƙarfin halin?” Ta juya wajen ƙofa. “Malam Kogler, kai ka san da wannan?”

Duk falon ya juyo. Dattijon da ya yi wa yarima kiɗa ya ɗaga kafaɗa, ya ce, “Yaran yanzu, ranki ya daɗe.”

Aikin dai wata aka ba. A hanyar gida Ludmila tana gaba yana baya. Da ya shiga Walburga ta dube shi sau ɗaya, ta ajiye masa abinci, ba ta yi masa gori ko guda ba, wannan kuwa ya fi masa ciwo. Bai taɓa abincin ba.

Ya ɗauka ba za ta sake tako benensa ba. Ranar darasinta, da hantsi, sai ga ta. Ta gaishe shi kamar kullum, ta cire mayafi, ta zauna.

“Ludmila,” ya ce, “batun ran nan…”

“Malam, bari in kaɗa maka shi yadda yake.”

Ta fara daga farko. Yana tsaye a bayanta, hannuwansa a baya. Ta zo ƙarshe, hannun dama ya hau, ya hau, ya kai maɓalli na ƙarshe, ba ta sauko ba. Ta ci gaba a kan katakon da ke gefe, yatsunta suna bugawa ƙwas, ƙwas, ƙwas, kowane a lokacinsa, ba ta tsallake ko ɗaya ba, har ta kai na ƙarshe ta ɗan riƙe shi.

Sannan ta ɗora hannuwanta a cinya, ba ta juyo ba.

“Na yi daidai, Malam?”

Ya dubi katakon da yatsunta suka buga.

“Kin yi daidai, 'yata,” ya ce. “Tun farko takardar daidai take.”

“Na sani, Malam,” in ji ta. “Tun ranar Lahadin na sani.”