Waƙar niƙan Innata ta je Abuja

Jiya ina tsintar wake, jikana Sabi'u mai aiki a Abuja ya manna min waya a kunne. "Hajiya, saurari wannan, amma ban da faɗa."

Na ji gangar Yarbawa, na ji sarewa, sai ga wata yarinya tana rera waƙar niƙan marigayiya Innata! Tun da injin niƙa ya zo garinmu Sundimina babu mai yin ta sai ni. Ashe ja'irin ya ɗauki muryata da sallah, ya kai wa abokansa makaɗa: Bayarabe, Bagwari da 'yar Ibo.

Na ce, "Maigidana, muryar da daɗi, amma yarinyar nan ba ta taɓa niƙa ba. Gudun me take? A nan ake tsayawa a ja numfashi, a ƙara dawa a dutse."

Ya ce, "To yaya za ta yi?"

"Kawo min ita. Dutsen na nan bayan rumbu."

Da ya fita na goge ido da gefen zani. Ni da na ɗauka tare za a binne mu da waƙar nan.

Ku fa, wace waƙar kakarku ce ta rage a bakinku?