Farin Zare a Cikin Taya

Zanen tayar ne ya fara ɗaukar idona. Ina tsugune a bakin Magazin, inda makanikai ke aiki, ina zuba wa wani fita, wato mai gyaran mota, koko, sai na hango ta jingine da bangon kwano, baƙa ƙirin tana sheƙi, an ja mata layuka masu lanƙwasa kamar aikin wuyan babbar riga. Na saki baki har koko ya zubo mini a yatsu.

"Mai koko, tayar kike kallo ko mai ita?"

Direban koriyar lori ne ta Zongo, dogo, da hula a karkace. A lokacin ƙananan littattafan soyayya da fatake ke kawowa kasuwa sun gama cinye mini hankali, kuma a cikinsu haka saurayi kan ɓullo, da zolaya a bakinsa. Daga ranar ƙosan da nake sa masa ya fi na kowa yawa. Kafin damina ta kama, kawunsa ya zo ya gai da babana, aka ce bayan Salla za a kawo goron tambaya.

Duk shekara bayan Salla, ranar da lodin goro na farko zai tashi arewa, direbobin unguwar Zongo da na unguwar Asawase kan yi tsere. Kowane ɓangare ya fitar da lori ɗaya da direbanta da fita da yaran mota. Daga Kumasi ake tashi, sai bakin ruwa a Yeji, inda jirgin fito ke haye da motoci. Wanda ya riga isa shi zai riga hayewa, goronsa ya shiga Tamale da ɗanyensa, kuma har Salla ta zagayo sunansa ake kira a tasha.

Ana gobe tsere sai a jera motocin biyu, dattawan tasha su zagaya su faɗi wadda za ta ci. Ba su cika damuwa da inji ba, don injin kowa faci ne a kan faci. Taya suke karantawa. Wani tsohon direba mai ido ɗaya kan tsuguna ya cusa tsinken ashana a cikin zane ya ga iya nutsewarsa, sannan ya ce, "Wannan za ta ga Ejura, amma ba za ta ga Atebubu ba." Daga nan su auna mutane: wane direba ne mai zafin kai, wane fita ne ke nawa wajen canza ƙafar mota, yaran wa ke barci a kan lodi. Wanda dattawa suka zaɓa, shi manyan fataken goro ke ba kayansu, ɗaya ɓangaren kuwa jikinsu ya mutu tun ba a tashi ba.

Da safiyar ranar karatun taya na yi sammako da tukunyata, sai na tarar da fitan koriyar lori yana ciro ƙarfe ja wur daga gawayi. Wata suɗaɗɗiyar taya ce a gabansa, sumul kamar tafin hannu, yana sassaƙa mata sabon zane. Hayaƙin roba ya cika wurin. Da ya gama ya shafe ta da baƙin mai. Ashe kyakkyawar tayar da ta ƙona mini yatsu haka aka yi ta.

Da ya juya baya na leƙa cikin zanen. A can ƙasa, inda man bai kai ba, na ga farin zare a jere. Mma, mahaifiyata, ɗinki take yi, kuma tun ina ƙarama na san in zane ya fara nuna zarensa, wanki ɗaya ya rage masa. Na tuna dutsen Mampong, yadda hanya ke naɗe shi kamar maciji, da wata lori da na taɓa gani a can ƙasan kwari, ciyawa ta tsiro ta tagoginta.

Da hantsi dattawa suka zo. Tsinken ashana ya nutse har kai. Mai ido ɗaya ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce koriya ce za ta ci, ko da jar lorin Asawase ta tashi tun jiya. 'Yan Zongo suka ɗauki direban a kafaɗa.

Da mutane suka watse na yi abin da har yau nake mamakinsa. Na kama yatsan direban na cusa a cikin zanen tayar gaba.

"Masta, me ka ji?"

"Kowa haka yake yi, ƙanwata. Sabuwar taya sai an yi wata ana bin kantin Turawa. Ko wannan ma a littafinki kika karanto?"

"A littafina ba a mutuwa kafin a kawo goro. Ka mai da sassaƙaƙƙun baya inda tayoyi suke bibbiyu, ka sa tsofaffin nan a gaba."

Ya kalli tsofaffin. Zanensu ya yi ƙasa, amma nasu ne na asali.

"Dattawa sun riga sun yanke. In na canza, gobe duk tasha za a ce tsoro na ji."

"To ka gaya wa kawu ya riƙe goronsa. Ba zan yi makoki kafin lalle ba."

Ya zare yatsansa ya goge a wando.

Washegari da na iso, tsofaffin tayoyin ne a gaba, masu sheƙin suna baya. Mai ido ɗaya ya sake tsugunawa, tsinken bai ko shiga rabi ba. Ya girgiza kai ya ce ya janye maganarsa ta jiya, ja ce za ta ci. Wani babban falke ya sa aka sauke kwandunansa aka mai da su jar lori. Fitan, wanda ya ji duk abin da muka yi, bai iya riƙe bakinsa ba.

"Masta," in ji wani yaron motar Asawase, "mai koko ce za ta riƙe sitiyari, ko kai?"

"Ku bar shi, koko ya shiga injin," in ji wani abokinsa.

Direban ya hau mota bai dube ni ba.

Wunin nan ban san yadda na yi shi ba. Duk ƙahon da na ji daga hanyar arewa sai in ɗaga kai in duba. Na zuba wa wani koko ba sukari, na zuba wa wani sau biyu. A raina ina ganin koriyar lori tana gangarawa kwari, hular nan tana biye da ita a iska. Wani tsoron kuma ya zo ya zauna a kan na farko: in tsofaffin da na zaɓa ne suka fashe fa?

Bayan la'asar wani dillalin shanu ya sauko daga motar Ejura. Ya ce taya ta fashe wa koriya a babbar kwanar kan dutse, ƙarar kamar bindiga. Ta baya ce. 'Yar'uwarta ta riƙe lodin, motar ta yi tangaɗi ta tsaya daf da baki, ba wanda ya ko kurje. Ja kuwa ta wuce su tana busa ƙaho. Na zauna a ƙasa kusa da tukunyata na yi ta kuka, mutane suna tsammanin takaicin faɗuwa ne.

Da ya dawo, ba wanda ya yi zancen gaba ko baya a tasha. Abin da aka riƙe shi ne ya ji maganar mace, dattawa suka juya masa baya, ya faɗi. A littattafaina da ya zo ya durƙusa yana godiya. Shi kuwa in ya wuce sai ya ce, "Sannu, mai koko," ya sayi na wata. Na jira goro har wata Sallar, bai zo ba.

Bayan shekaru masu yawa, ɗana na fari, wanda shi ma ya zama direba, ya ba ni labarin wani tsoho mai sayar da taya a Tamale, dogo, mutumin Kumasi, da hula a karkace. Ya ce duk motar da ta tsaya a gabansa sai ya bi zanen tayar gaba da yatsa, kuma ko za ka kwana kana roƙo ba zai ɗaura maka sassaƙaƙƙiya a gaba ba. Daga baya na ji ya rasu a kan gadonsa, jikoki kewaye da shi.