Faifan Aro

Yayana mai gyaran agogo ne. Bayan rasuwar maigidana shi ya zo ya ɗauke ni, ya ba ni ɗakin da ke manne da shagonsa. Bangon da ya raba mu bai kai rufi ba, don haka duk abin da aka faɗa a shagon sai ya sauko mini har kan sallaya, ko ina so ko ba na so.

Mutum ne mai tsantseni. Za a kawo masa agogo mai tsada a ajiye a tafi, ba shaida ba komai, kuma ban taɓa jin an ce ko ƙusa ta ɓace a hannunsa ba. Ba ya shan taba, ba ya zaman bakin titi. Abu ɗaya ne ya ci masa rai, wato faifan garmaho. Tun yana saurayi yake tara su. Ya sa kafinta ya yi masa akwatuna, ya jera su a tsaye, kowane cikin rigarsa ta kwali. Yakan ce faifai a tsaye yake kwana. Ba ya kama shi sai ta baki, da tafin hannu biyu, kamar mai ɗaukar kwano mai zafi.

Kowace Asabar bayan la'asar abokansa uku ke zuwa: Tela, da Mai Rediyo, da wani tsohon direban babbar mota da kowa ke ce wa Direba. Kowa ya zo da abin da ya samo a makon, a ɗora, a saurara, a kushe.

"Wannan a bola ka tsinto shi ko gado ka ci?" in ji Tela.

"Kai da kunnenka ya saba da ƙarar keken ɗinki, ina ka san waƙa," in ji Mai Rediyo.

Ni ba na jin kiɗa da gangan, amma shayinsu ni nake dafawa, kuma a hankali na san kowa da halinsa. Tela baki gare shi, Mai Rediyo ba ya riƙe magana. Direba kuwa ba ya yawan cewa komai, sai dai in ya ce, an gama. Tare suka tashi da Yaya tun ba su da gemu.

Direba yana da wani faifai da ba ya bari kowa ya taɓa. Na wata mawaƙiya ce da ta daɗe da barin duniya, waƙar mace mai jiran matafiyi. A tsakiyar waƙar akwai karce. In allura ta iso wurin sai ta maƙale, ta yi ta maimaita kalma ɗaya, har sai Direba ya miƙa ɗan yatsa ya ɗan tura ta, ta tsallake zuwa gaba. Abin da ke ƙarƙashin karcen ba wanda ya san shi, shi kansa Direba ya manta. Matarsa ce ta yi karcen, tana da tsohon cikin ɗansu na fari, ta zo wucewa cikin ya bugi tebur. Ya ce ranar ya yi mata faɗa har ta yi kuka. Yanzu ta rasu, kuma da wuya ya ɗora faifan sai in ta faɗo masa a rai.

Wata shekara tari ya kama Yaya, ya kwantar da shi har aka daina zaman Asabar. Direba ya zo dubiya tare da sauran, da faifan nan a hammata. Ya ajiye a gefen gado.

"Riƙe shi har ka tashi," ya ce.

Tela ya dubi Direba ya dubi Yaya. "Mai Agogo, ka fara rabon wasiyya. Likita ya gaya wa mutumin nan abin da bai gaya mana ba."

Yaya ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da suka tafi na ga yana share ido. Bai sa faifan cikin nasa ba, wai kada ya gauraya. Ya naɗe shi cikin bargo mai laushi, ya ɗora a kan kabad.

Autarsa ma'aikaciyar jinya ce. Ta zo hutu ta ce ƙurar ɗakin ce ke hana shi warkewa. Ranar da ɗansa ya kai shi asibiti a sake duba ƙirjinsa, ta zage ta yi shara. Akwatunan ta san su, ba ta taɓa ba. Amma ta kwashe katifa da filo da barguna ta shanya a kan kwanon rumfa, a tsakiyar rana, har da bargon kan kabad, yadda yake a naɗe. Ni ina wajen wata ta'aziyya, ban dawo ba sai da aka yi la'asar.

Na tarar da Yaya zaune a bakin gado, faifan a cinyarsa. Ya lanƙwashe, gefe ɗaya ya ɗaga kamar ganyen da ya sha rana. Auta na tsaye jikin ƙofa.

"Baba, wallahi ban sani ba."

"Na sani, uwata. Je ki huta."

Bai ɗaga mata murya ba. Da ta fita ya dube ni. "Gwaggo," haka yake kirana, da bakin 'ya'yansa, "kada maganar nan ta fita."

Na ce, "Ba zan kai wa kowa ba, Yaya. Amma in an tambaye ni ba zan yi ƙarya ba."

Ya cire gilasai biyu daga akwatin da yake jera agoguna, ya sa faifan a tsakani, ya ajiye inda ranar safe ke ɗan taɓawa, sannan ya mayar inuwa ya danne da littattafai masu nauyi. Haka ya yi ta yi. Faifan ya ɗan kwanta, amma in ka dube shi ta gefe sai ka ga tudu da kwari. Jikin Yaya kuwa yana ta sauƙi, abin da ya fi tsoro ke nan. Direba yakan leƙo ya ce, "Jiki ya yi kyau," Yaya ya ƙaƙaro tari.

Na ce masa, "Yaya, ka faɗa masa. Rana ce ta yi, ba kai ba."

"A hannuna ta yi. Mutumin nan bai taɓa ba kowa aro ba, ko ɗan cikinsa."

Sai ya shiga nema. Wani dillalin tsofaffin kaya a wani gari ya ce yana da irinsa. Yaya ya ɗauki akwati guda cikin nasa, wanda ya fi so, ya hau mota, ya dawo ba akwatin, sai faifai ɗaya. Iri ɗaya ne sak, har takardar tsakiya, sumul kamar ba a taɓa ɗora shi ba.

Washegari da safe na kai masa ruwan zafi a shago. Na same shi da madubin gyaran agogo a ido, sabon faifan a gabansa, tsohon a gefe, yana riƙe da siririn tsinken da yake taɓa cikin agogo. Ya auna wurin karcen daidai. Tsinken na saman faifan, kaɗan ya rage ya taɓa. Ya daɗe a haka. Sannan ya ajiye tsinken.

"Ba zan iya ba," ya ce. "Tun da nake ban taɓa karce faifai ba."

"To sai gaskiya ta rage."

"Ba ya yawan ɗora shi. Zai kai gida ya ajiye. Kafin nan na san yadda zan yi."

Ya zura sabon cikin tsohuwar rigar. Na koma ɗaki na yi masa addu'a, ban ma san me zan roƙa masa ba.

Asabar ta zo, aka dawo da zama. Tela ya zo da faifai biyu da ya saya a wajen wata mata mai tashi daga gida, Mai Rediyo ya ce ɗayan ma ya fi kyau a ci abinci a kai. Ina jin su ta saman bango ina haɗa shayi. Sai na ji muryar Yaya, ƙasa-ƙasa.

"Ga amanarka. Na gode."

"Madalla," in ji Direba.

Na ɗauki faranti na nufi ƙofar shagon. Ina isa Tela ya ce, "A'a, ba a mayar da shi haka. Mutum ya tashi daga ciwo, a ɗora mana mu ji."

"Ku bar shi, an kusa magariba," in ji Yaya.

"Kai da ke gyaran agogo ba ka san lokaci ba? Da saura."

Direba ya yi ɗan murmushi, ya zare faifan. Idonsa ya yi rauni, bai lura da komai ba. Ya ɗora, ya sauke allura. Na tsaya a bakin ƙofa da faranti, na kasa shiga na kasa komawa. Yaya ya kafa ido a kan teburinsa.

Muryar matar ta fito, tas. Mai Rediyo ya ce, "Ka ga hannun Mai Agogo, har wanka ya yi masa." Waƙar ta yi ta tafiya. Da ta kusa wurin, Direba ya matso gaba a kujera, ya miƙa ɗan yatsansa kusa da allura, yadda ya saba. Tela ma har ya buɗe baki zai maimaita kalmar tare da ita.

Allura ta wuce. Matar ta ci gaba da waƙa, wasu kalmomi da ba wanda ya taɓa ji a ɗakin, tana cewa ta bar fitila a taga ko da zai iso ba ta farke ba. Yatsan Direba na nan a sama, bai sauke ba.

Ya bari har waƙar ta ƙare. Ya ɗaga faifan, ya kai shi wajen haske, ya juya.

"Ina nawa?"

Yaya bai ɗago ba. Direba ya juyo wajena. "Gwaggo, ke kina gidan nan."

Kafin in buɗe baki Yaya ya miƙe. "Kada ka tambaye ta." Ya shiga ciki ya fito da gilasan nan biyu, ya ajiye a tebur, ya faɗi yadda aka yi, bai ambaci sunan Auta ba. Ya ce shi ya bar shi inda rana ta same shi.

Direba ya zare nasa daga tsakanin gilasan, ya ɗora. Allura na hawa tana sauka, muryar na rawa kamar ta mai zazzaɓi. Ta iso karcen, ta maƙale. Ya bar ta tana maimaitawa, ya daɗe, sannan ya tura ta da yatsa.

"Ai yana yi," ya ce. Ya cire shi ya sa a rigarsa. "Da ka ce mini ya lanƙwashe, da rana zan zaga. Yanzu wa zan zaga?"

Ya fita. Sabon faifan na kan tebur. Shayin ya huce a hannuna.

Asabar ta bi Asabar, Yaya na fitar da kujeru huɗu, ana zama a uku. Ya je gidan Direba, suka gaisa a ƙofa kamar maƙwabta, ya dawo. Ya rame fiye da lokacin tarin. Sai bayan damina ta wuce, wata Asabar na ji takun da na sani. Direba ya shigo hannu rabbana, ya ja kujerarsa ya zauna.

"Wancan sabon yana nan?"

"Yana nan," in ji Yaya.

"Ɗora. Ban ji maganar fitilar da kyau ba."

Daga ranar ya ci gaba da zuwa har Allah ya karɓi ran Yaya, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Amma in ya zo da faifai nasa, shi yake zarewa, shi yake ɗorawa, shi yake mayarwa. Yaya yakan naɗe hannuwansa a cinya har a gama.