Koren Ƙyallen Malam Alkasum

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, bayan sallar Azahar, labarin rasuwarka ya iso tashar motocin Takieta a nan Damagaram, Malam Alkasum. Na Allah muke, gare Shi za mu koma.

Shan inna ta raba ka da tafiya tun kana ƙarami, ka rayu bisa keken hannu, kana gyaran rediyo a unguwar Birni. Ranar da mahaifiyarka ta rasu a Tirmini, ka daɗe a bakin hanya kana ɗaga hannu. Mota ta rage gudu, direba ya hangi keken, ya wuce. Ko da ka isa, an dawo daga maƙabarta.

Ba ka zagi kowa ba. Bayan sadakar bakwai ka sami shugaban sandika, wato ƙungiyar direbobi, Alhaji Nomau, riƙe da koren zanen marigayiyar, ka ce: "Alhaji, ba sadaka na zo nema ba. So nake gurgu ya gane motar da za ta tsaya masa tun daga nesa." Ka yayyaga zanen a gabansa. Duk wanda ya ɗaura ƙyalle a madubi ya yi alkawari ke nan: zai tsaya, ya ɗora keke a sama, ya ba mai shi kujerar gaba.

Direba ɗaya, Safiyanu, ya fara karɓa, abokansa suna masa tsiya wai ya buɗe asibiti. Da zanen ya ƙare, ka riƙa sayen yadi. 'Yan adaidaita suka ɗauka, sannan 'yan kabu-kabu. Da makafi suka ce su ba sa ganin ƙyalle, ka roƙi direbobi su riƙa yi musu sallama da babbar murya. Babu dokar da ta tilasta wa kowa, kuma har yau abin yana ba ni mamaki.

Da La'asar aka kai ka makwancinka. Motoci masu koren ƙyalle suka bi unguwa-unguwa, kekuna jere a samansu. Liman ya jinkirta salla har aka sauke na ƙarshe. Ba a bar ko mutum ɗaya a bakin hanya ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya sada ka da mahaifiyarka a Aljanna. Ya ba matarka Larai da 'ya'yanku haƙuri. Amin.