Injin Jirgin da Na Tayar a Kan Tudu

A lokacin da abin nan ya faru, ni bakanike ne a Dogo Nini, cikin Potiskum. Janareta da injin ban-ruwa nake gyarawa, kuma hannuna ya faɗa sosai, har manoman Danchuwa ba sa kai injinsu ko'ina sai garejina. Ban san ranar da yabon ya hau mini kai ba.

Wata damina sai ga wani aminin mahaifina, dattijo mai fito a kogin Gashuwa da muke kira Baba, ya iso da injin jirginsa naɗe a buhu. Baba ya ce injin ya buga masa ne ana tsakar aiki, ga ruwa ya cika, mutanen ƙetare ba su da hanyar kasuwa sai jirginsa. Na kwance, na tarar fistin ɗaya ya ƙone, ringi sun kakkarye. Hanya uku ce a gabanmu: ya nemi wani injin na hannu, ko a kai wa masu gyaran injin ruwa a can bakin kogi, ko ni in gyara. Wani ɗan kudu mai shagon safaya a unguwar Hausari, wanda muka daɗe muna hulɗa, ya tambaye ni ko na taɓa buɗe irinsa. Da na ce a'a, ya ba ni shawara in bar wa masu shi. Na yi dariya, na ce ai inji inji ne.

Kwana uku na haɗa shi tsaf. Don Baba ya ga aiki, na ɗaure shi a jikin benci na ja igiya, ya tashi bugu ɗaya. Na daɗe ina ba shi wuta, makwabta na kallo. Na ji ƙaurin roba, na ce sabbin kaya ne. Baba ya sa mini albarka ya tafi.

Ba a yi mako ba aka kira ni a waya. Injin ya mutu a tsakiyar kogi, jirgi cike da mata masu dawowa daga kasuwa. Ruwa ya ja su ya buga da wata bishiya, jirgin ya karkace. Masunta ne suka tsamo su. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma kayansu sun tafi, wata tsohuwa kuma ta yi kwanaki a asibiti.

Washegari na hau mota zuwa Gashuwa. Wani tsohon bakanike na bakin kogi ya kwance ƙafar injin, wato sashen da ke shiga cikin ruwa, a gabanmu, ya ciro wata 'yar farfelar roba da ta narke. Ya bayyana cewa ita ke zuƙo ruwan kogi ta sanyaya injin, kuma ba abin da ke cinye ta haka sai a tayar da shi babu ruwa. Ya tambayi wanda ya yi. Baba ya sunkuyar da kai ya ce bai sani ba, don ya rufa mini asiri. Ni na buɗe baki na ce ni ne.

Kan injin ya riga ya tsage, sai sauyi. Na sayar da babur ɗina muka samo wani, na kuma zauna wata guda a ƙarƙashin tsohon ina miƙa masa sifana, ni da nake da gareji nawa. Na je na gaida matan ɗaya bayan ɗaya na nemi gafara. Yau ina gyara injin jirgi ba fargaba, kuma ba na tayar da shi sai ƙafarsa na cikin duro cike da ruwa.

'Yan'uwana masu aikin hannu, sanin inji goma ba ya sa ka san na goma sha ɗaya. In an kawo maka abin da ba ka taɓa buɗewa ba, ka faɗa, ka tura shi wurin masu shi, ko ka bi shi ka koyo. Kai a kan tudu za ka gwada aikinka, amma wasu a tsakiyar ruwa za su gwada shi da ransu.