Orville Insley Ya Koma Jirgin Ƙyalle

Sati uku da rasuwar mijina Alton, Orville Insley ya ƙwanƙwasa min ƙofar baya, riƙe da kwano an rufe da faranti. Naman ƙaguwa ne, ɓararre. Ya san yatsuna sun daɗe da sanƙarewa, kuma marigayi ne yake ɓare min. Bai taɓo wannan zancen ba. Cewa kawai ya yi, "'Yar'uwa Verna, sun yi mana yawa," ya ajiye ya juya. Da na zauna ci na yi ta tsintar ɓawo a baki, sai na gane ba matarsa ce ta ɓare ba, shi ne da manyan yatsun nan nasa. Na cinye tas, na yi masa addu'a.

Orville bakanike ne. Shekara talatin da takwas yana gyaran motocin ɗaukar 'yan makaranta, har ya yi ritaya. Abu biyu yake ƙauna a duniya, matarsa Lurleen da jirginsa na ruwa mai inji biyu. Duk ranar Asabar, idan ya fito daga rafin Mudge zai shiga tekun Chesapeake, sai kofunan da ke kan kantata sun yi rawa. Sunan Lurleen ya rubuta a bayan jirgin da manyan baƙaƙe, amma ita sau ɗaya ta taɓa shiga, suna amare. Iska ta ɗauke mata hula, ƙara ta toshe mata kunne, ta sauka tana jiri, ta ce ita da ruwa sai dai a kofi. Tun daga nan shi kaɗai yake fita. Kullum sai ya ce, "Ba za ki zo ba?" Kullum sai ta ce, "Ka gai da kifi." Mutane sun ɗauka wasa ne. Ni da nake zama bayansu a coci na san abin yana cin ransa.

Wata bazara matan ƙungiyar waƙa suka ja Lurleen yawo a jirgin Kyaftin Thurman Dize, wani tsoho da bai taɓa yarda da inji ba. Nasa jirgin ƙyalle ne, iska ke tura shi. Ta dawo fuska jajir, kwana bakwai ba ta da wani zance. Wai har ƙarar fukafukan agwagi ta ji. Wai ta sha shayi bai zube ba.

"Da irin wannan ne naka, tsoho, ai da tuni na bi ka," ta ce, tana yanka burodi.

Orville ya ajiye cokali. "Maimaita."

"Kunnen ne kuma? Na ce da na bi ka."

Kafin wata ya ƙare ya sayar da jirginsa. Abokansa na wajen shan kofi suka sa shi gaba. Wani ya ce, "Kyaftin, ka koma hawan kunkuru ke nan?" Wani ya ce ya riƙa tafiya da guzurin sati idan zai tsallaka rafi. Ya ƙyale su, ya tafi wajen Thurman ya ce a koya masa.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Mutumin da ya saba nuna wuri da hancin jirgi ya danna totur ya isa, yau an ce masa idan iska na fitowa daga inda za shi, sai ya yi dama, ya yi hagu, ya sake yin dama.

"To ga wurin can ina kallo!" in ji Orville.

"Shi ma yana kallonka. Ja igiya."

Hannunsa na dama kuwa ya ƙi mantuwa. Da zarar wani abu ya taso, sai ka ga yana lalube a gefensa, neman totur yake. Thurman ya ce zai ɗaure masa hannun a ƙugu. Ran da suka nufo maɗauri da gudu, Orville ya yi ihu, "Ina birki?" Tsohon ya ce, "Birkin tun can baya ya kamata ka yi tunaninsa."

Sai aka zo zaɓen jirgi. Na farko da suka je gani, Orville ko kallon sama bai yi ba, ya buɗe murfi ya cusa kai wajen ɗan ƙaramin injin da ake shiga tashar jiragen ruwa da shi. Ya fito yana tsaki, wai na yankan ciyawarsa ya fi wannan. Thurman ya ce, "Ka zo sayen doki kana duba keke." Na biyu ƙato ne, ƙafa arba'in, yana sheƙi, Orville har ya fara shafa shi. Thurman ya miƙa masa igiyar babban ƙyallen ya ce ya ɗaga shi kaɗai. Bai kai rabi ba ya zauna yana haki.

Thurman ya ce, "Ku biyu ne, kuma dukanku kun ba sittin baya. Nemi wanda in ka faɗi ciwon baya Lurleen za ta iya kawo ku gida."

Na uku Lurleen ce ta zaɓa. Tsoho ne, ƙafa talatin, fentinsa ya koɗe. Ta sauka ciki ta miƙe tsaye, kanta bai taɓa rufi ba. Ta ga murhu kusa da taga, ta ga banɗakin yana da ƙofa mai sakata. Ta kwanta a gadon ta juya dama da hagu, ta ce, "Wannan." Amma ta kafa sharaɗi: jirgi ya kwana a bayan gida, inda za ta taka da ƙafarta da silifas. Idan sai an shiga mota an yi tafiyar awa guda zuwa tasha, to a bar zancen.

Orville mutum ne mai lura, kada a ce ba shi da ita. Ya san irin wannan jirgi yana da ƙarfe mai nauyi a gindi, rafinmu kuma ba zurfi. Kwana uku ya yi a ƙaramin kwalekwale da doguwar gora, yana auna ruwa tun daga baki har bayan gidansa, lokacin cikowar ruwa da lokacin janyewarsa, yana rubutawa a bayan ambulan. Ko'ina ya isa. Ya zo coci ranar Lahadi yana ta murmushi.

Ranar da za su kawo jirgin gida, su biyu kaɗai suka taho, tafiyar yini guda. Lurleen ta ba ni labari daga baya. Ta ce iska ta yi musu kirki, ta soya ƙwai a tsakiyar teku, ta riƙe sitiyari ya fi awa biyu. Ta ce sun yi hirar da ba su yi ba tun yaransu na ƙanana, kuma ba wanda ya ɗaga murya.

Da la'asar ina baranda ina gyaran wake na hango su. Gidana ne na ƙarshe kafin gadar siminti da ta ratsa rafin, nasu yana can ciki bayanta. Sun sauke ƙyalle, ɗan injin na ƙuƙ-ƙuƙ, Orville ya gyara hula yana ɗaga wa mutane hannu. Idonsa na kan ruwa, yana bin layin da ya auna. Ni kuwa ina kallon doguwar sandar jirgin da ake ɗaura wa ƙyalle, ina kallon gada. Na miƙe, wake ya zube.

Lurleen ce ta riga ni. "Orville! Sama!"

Ya ɗaga kai. Shekara arba'in yana wucewa ƙarƙashin gadar nan a guje, bai taɓa tambayar tsayinta ba, don tsohon jirginsa ko rabinta bai kai ba. Sandar ta ɗara gadar da kusan ƙafa goma. Ya ja injin baya da dukan ƙarfinsa, jirgin ya yi ta matsawa a hankali kamar mai shawara, sannan ya tsaya, saura ƙiris. Allah ya kiyaye.

Masu kamun ƙaguwa a kan gada suka kwashe da dariya. Ɗaya ya leƙo ya ce, "Kyaftin, mu ɗaga maka ita ne?" Wani ya ce a sace wa ruwan iska kamar taya. Lurleen ta zauna tana dariya har da share hawaye da gefen riga. Orville kaɗai bai yi ba. Ya cire hula yana murza ta. Na san abin da yake tunani: sharaɗin nan, da tashar da ke awa guda a mota.

"Sai a mayar da shi," ya ce a hankali.

"Ka mayar da wa? Na riga na jera kofunana a ciki."

"Ai ba ya isa gida, Lurleen."

"To nemo masa wani gidan. Ni dai ƙafata da silifas."

Ya waiga hagu, ya waiga dama, sai idonsa ya sauka a kan maɗaurin katako da ke gaban gidana, inda marigayi yake ɗaure nasa jirgin. Shekara shida ke nan da rasuwarsa, ba abin da ya taɓa wurin sai tsuntsaye. Daga ƙofarsu zuwa nan tafiyar minti biyar ce ta kan gada.

Ya matso da jirgin a hankali, bai jefa igiya ba. Ya tsaya riƙe da ita, hula a ɗaya hannun, kunnuwansa sun yi ja.

"'Yar'uwa Verna," ya ce, "na san wurin Alton ne, kuma in kin ce a'a ba komai, har ga Allah. Katakon da ya ruɓe ni zan canza. Ki ara mana nan mu riƙa ɗaurewa, don Allah. Kin dai ga da ƙyar na samu Lurleen ta shigo jirgi."